Fitila Huɗu a Gidan Kwano

Akwatin ya iso ran Talata da hantsi.
Yaron kamfani ya hau matakala ɗari da sha bakwai,
yana haki, yana tsine wa tudun Valparaíso.
Ya dire, ya ce, "Don Aurelio, ai da sauƙi,"
ya gangara, sauƙin ya bi shi.

Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin rediyon jirgin ruwa.
Da yatsa ɗaya nake kiran tashar da ba na gani,
ɗigo da ja, ɗigo da ja, cikin hazon teku,
a amsa mini daga Callao.
Yau ga ni durƙushe bayan kabad,
gwiwa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa,
ina laluben ramin da zan soka kebul.

Fitila huɗu gare ta.
Biyu sun yi kore,
ta uku na ƙifta mini ido,
ta huɗu ja wur, ko gezau.

Na kashe. Na ƙirga talatin, yadda takarda ta ce,
na ƙara biyar na ladabi.
Na kunna. Ja.

Ximena ta kira daga Antofagasta:
"Baba, akwai ɗan rami a bayanta, soka tsinke, ka danne."
Na danne da tsinken sakace.
Nan take ta manta duk abin da ta sani.
Na ja hannuna da sauri.
Ni kam, kada a taɓa mini nawa ramin.

Ashe laifina ne tun farko:
ramuka biyar, huɗu rawaya, ɗaya shuɗi,
na kai baƙo ƙofar 'yan gida.
Da na mayar da shi shuɗin, ja ta huce.

Sai ta nemi kalmar sirri.
Na rubuta Herminia.
Ta ce ya yi rauni, a ƙara masa lambobi.
Rauni?
Sunan da ya riƙe gidan nan shekara arba'in da biyu,
da girgizar ƙasa, da bashi, da ni.
Na haɗiye, na ƙara masa ranar da muka haɗu,
ta karɓa.

A falo sanda huɗu cif.
A ɗakin kwana ɗaya, ita ma tana rawar sanyi.
Bangonmu kwano ne, fentinsa ruwan ɗorawa,
ya tare ruwa da iskar gishiri,
yanzu ya tare wannan ma, bai san bambanci ba.
In na ɗumama miya a tandar lantarki,
sigina ya tsere kamar kyanwar da aka watsa wa ruwa.

Na buɗe jerin maƙwabta: sunaye goma sha huɗu!
Gidan Olivares, Mai Burodi,
da wani da ya sa wa nasa Sayi Naka.
Duk a zango ɗaya suke ihu.
Wannan na san shi, haka bakin tasha yake da dare,
kowane jirgi na kira, ba mai jin wani.
Na zame zuwa zango na sha ɗaya, inda ba kowa.

Na ɗaga ta daga ƙasa na ɗora kan kanta,
eriya ɗaya tsaye, ɗaya kwance,
na zaga gida da waya a tafi
kamar mai neman inda zai haƙa rijiya.

Da daddare fuskar jikata ta fito,
Maite, tana nuna mini giɓin haƙorinta.
Hoton ya daskare a nan, baki buɗe.
Ban yi saurin gyarawa ba.

Saura kusurwa ɗaya, gefen tagar kicin,
inda kujerar kaba take kallon jiragen ruwa.
Nan ko sanda ɗaya ba ya zuwa.
Ximena ta ce akwai ƙaramar na'ura mai ƙara nisa,
za ta aiko ƙarshen wata.

Na ce ta bari.
Can nake shan shayi da la'asar,
kuma mai kujerar ba ta taɓa son
a katse ta tana magana ba.