Sawu a Cikin Ƙota

Shekarar da Aulis ya ajiye tuƙin bas
ya sayo bindigar a gwanjon Kajaani,
naɗe cikin tsohon bargo kamar jinjiri mai mura.
Na ce, "Tsaranka sun yi fansho sun sayi kwale-kwale,
kai ka sayo mana tsatsa."
Ya ce, "Helvi, ƙarfe ba ya mutuwa, barci yake yi."

Hunturu ya sauka. Rana ta zama baƙuwa,
ta leƙo da hantsi, ta tafi ba sallama.
Tafki ya daskare har mota na bi ta kansa.
Shi kuwa yana gareji, tabarau a kan hanci,
yana jiƙa maikon rumbun soja da kananzir,
maikon da ya girme shi, ya yi tauri kamar kaki.
Kwana tara burodinmu na warin fitila.

Ya jera gaɓoɓinta a kan farin ƙyalle,
ƙyallen teburina na Kirsimeti. Ban yafe ba.
Kunama a gefe, 'yan kusoshi cikin kofin gahawa,
bututu a jingine, yana leƙa shi da ido ɗaya
kamar mai neman wata a rijiya.

Hatimi uku ne a jikin ƙarfen:
na maƙerar da ta haife ta can gabas,
na rundunarmu da ta ƙwace ta a daji,
na ukun ya goge.
"Ta harbo nan," in ji shi, "ta juya ta harbi can,
ba wanda ya taɓa jin ta bakinta."

Kusa ɗaya ta ɓata.
Mako biyar yana jiran ta daga wani tsoho a Oulu,
kullum yana tare ɗan wasiƙa a bakin hanya
kamar saurayi.

Daren da ya kwance farantin gindin ƙota
na ji ya kira ni da muryar da ban sani ba.
Akwai rami a cikin itacen, girman ɗan yatsa,
an sassaƙa shi da bakin wuƙa.
A ciki, takarda ninki huɗu.

Mun ɗauka wasiƙa ce.
Ba harafi ko ɗaya.
Sawun ƙafar yaro ne, an zagaye shi da fensir,
layin ya goce wajen babban yatsa,
inda yaron ya motsa don cakulkuli.

Na ɗora shi a tafin hannuna, bai cika ba.
Na ce, "Shekara biyu. Ko uku, in abinci ya yi ƙaranci."
Wani ya yi alkawarin takalmi ke nan.
Namu ne, ko nasu?
Aulis ya juya takardar, ya haska ta da tocila,
yana neman tuta.
Dunduniya ba ta da yare.

Ya ci gaba da aiki, amma ya daina fito.
Ya shafa wa itacen mai sau bakwai da tafin hannu
har jijiyoyinsa suka fito kamar na dattijo.
Ran da ya mayar da komai mazauninsa
sai ta yi ƙas, sau ɗaya,
kamar wadda ta gyara murya.

Abokansa na filin harbi sun matsa:
"Yaushe za mu ji ta?"
Ya ce sai ƙanƙara ta narke.
Ta narke. Ta sake zuba. Bana karo na uku.

Ni dai na ɗauko ragowar jan ulu,
na auna da takardar, na saƙa safa.
Guda ɗaya, tunda ƙafa ɗaya aka zana.
Tana rataye a ƙusar da ke ƙarƙashin bindigar.
Baƙi na tambaya ta wane jika ce.
Aulis kan ce, "Mai ita ya haura tamanin yanzu,
in ya kai."
Sai ya miƙa musu gahawa.