Sunan da Na Soke

Daren Talata a Toledo, ruwa na dukan taga,
fom ɗin gasar golf a gabana, biro a baki.
Mutum takwas ake so. Mu tara ne.

Doka ta ce: sai ɗalibi mai cikakkiyar rajista,
kwas huɗu aƙalla a zangon nan,
wanda bai taɓa bugawa don kuɗi ba.
Na karanta sau uku, ko za ta yi laushi.
Takarda ba ta san kara ba.

Wendell kwas uku gare shi.
Ya ajiye lissafi a watan jiya
don ya riƙa kai mahaifinsa wankin ƙoda;
da dare yana jera kwalaye a sito.
Kuma duk kulob ɗinmu babu mai hannunsa:
in ya taɓa ƙwallo, sai ta nemi rami
kamar ɓera ya ji motsin kyanwa.

Marisol ta ce, "Bar shi, wa zai bincika?"
Na ce, "Ofishin rajista ke buga hatimi."
Na ja layi a kan sunan,
a hankali, kamar biron zai ji zafi.

Asabar, raɓa ta daskare a kan ciyawa,
sai ga shi a tsohuwar motarsa,
ba sanda ko ɗaya,
sai kofi takwas a kwali.
Ya ce, "Rami na bakwai yana gangara hagu,
kada ka yarda da idonka."

Na yarda da idona.
Ƙwallo ta wuce.