Tafin Hannun Babana

Akwatin ya iso cikin kwale-kwalen Nicanor,
an naɗe shi da leda ninki uku saboda feshin teku.
Tsohuwar na'urar ta mutu tun bara,
gishiri ya cinye mata hanji,
wata goma sha ɗaya ƙauyenmu ba shi da maƙogwaro.

Babana, Crisanto, shekara talatin yana ɗaura lasifika a gaɓar Samar,
bikin coci, wasan ƙwallon kwando, sanarwar rasuwa.
Yanzu kunnuwansa sun rufe shago.
Ya zauna bisa buhun busasshiyar kwakwa,
ya miƙo mini sukundireba, bai ce uffan ba.

Da haɓa ya yi nuni:
mayar da kowane maɓalli ƙasa
har ya kwanta a sifiri.
Ba a tashin mai barci da ihu.

Na kankare bakin waya da wuƙar gyaran kifi
sai da jan ƙarfen ya yi murmushi.
Ja ga ja, baƙi ga baƙi,
na murɗa, na ɗaure.
Ya karɓa, ya ja da yatsu biyu. Ta zame.
Ya dube ni.
Na sake.

Ya zaro ƙaramin batir daga aljihu,
ya taɓa shi a bakin wayar,
lasifikar ta turo ƙirji kamar zakara zai yi cara.
Ya ce, da muryar nan tasa da ta daina sanin girmanta:
"In wannan ta turo, waccan ta ja baya,
kokawa za su yi,
magana ta faɗi a tsakaninsu."

Ƙanena Efren ya hau bishiyar kwakwa da ƙahon amsa-kuwwa a baya,
ya juya bakinsa wajen teku.
Ɗaya kuma kan rufin makaranta, yana kallon gidajen tudu.
Ramin farko na makirufo,
na biyu na rediyon da ke faɗin halin sama,
na uku muka bar wa jitar Perpetua, ko da ranar Lahadi.
Wuta ce ƙarshe. Kullum wuta ce ƙarshe.

Na kunna.
Wani gurnani ya taso, siriri, kamar ƙudan zuma a tulu.
Ni na ji da kunne, shi ya ji da tafin hannu a kan akwatin.
Ya bi wayoyin da ido,
ya ga ta makirufo kwance jikin ta lantarki,
ya raba su taku guda. Zuman ya tashi.

Sai zumuɗi ya kwashe ni, na fita gaban lasifika na ce, "Gwaji."
Wayyo!
Ƙara ta tsage rana biyu,
karnuka suka ɗauka, kaji suka watse,
kowa ya toshe kunne sai mutum ɗaya
da ke dariya, wai ya ji ta a haƙori.
Ya jawo ni baya da gefen riga:
"Kada ki bari ta ji muryar kanta.
Duk mai sauraron kansa, ihu yake ƙarewa."

Muka ɗaga a hankali, kamar mai zuba gishiri a miya,
koren haske na ƙiftawa,
ja na leƙowa, mu ja da baya.

La'asar sakaliya rediyo ya canza murya.
Iska ta juyo daga gabas,
gajimare ya yi baƙin gindin tukunya.
Na riƙe makirufo, hannuna na rawa,
na shiga kiran kwale-kwale da sunan masu su,
muryata ta fi ni girma, ta taka ruwa ta tafi.
Babana ya rungumi bishiyar kwakwar,
kuncinsa manne da ɓawonta,
yana karɓar sunayen ta cikin itace,
yana lanƙwasa yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Bakwai suka fita da asuba.
Na ƙirga fitilu a kan ruwa: shida.

Ya dawo, ya ɗora hannunsa a kan nawa,
ya murɗa maɓallin rabin yatsa, bai ƙara ba.
Na sake kiran Nicanor.