Giɓin Kawu Ranau

Shekara uku ya yi a Babbar Ruga,
ya dawo da takarda a aljihun taguwa,
likita ya buga hatimi: cuta ta mutu.
Yatsu dai ba su biyo shi gida ba.
Uku a dama, biyu da rabi a hagu,
da su yake ɗaga kabbara.

A masallacinmu na bayan Ƙofar Guga
liman kan waiwayo kafin ya tayar:
"Ku haɗa kafaɗu, ku toshe kafa,
kada Shaiɗan ya sami wurin tsayawa."
Sai mu matsa, ƙafa ta nemi ƙafa,
har a iso kan Kawu.
Nan sahu ke yin giɓi,
taƙi guda dama, taƙi guda hagu,
kamar bakin yaro mai famfara.
Ni ne na damansa. Ban manta ba.

Butarsa an ɗaura mata jan zare.
In an sallame hannuwa kan shiga yawo,
nasa na bisa gwiwa yana sauraro.
Sadaka kam bai rasa ba,
ana wurgo ta kamar tsabar kaji,
mai bayarwa na lissafin ladarsa.

Wata Laraba garaya ta tashi
a gidan Tabawa, can bakin kududdufi,
inda tsamiya ta jingina da katanga.
Na bi sawunsa don in kamo shi da laifi,
na laɓe a bayan danga.

Ga Dela mai yoyo,
wadda alwalarta ba ta kai raka'a,
zaune a tsakiyar tabarma.
Ga Jatau da ake dariyar tafiyarsa
yana raba fura, ba mai murguɗa baki.
Ga majemin da warin jima ya riga shi shiga ko'ina.
Ga kurma ya ɗora tafi bisa ƙwarya
yana jin kiɗa ta ƙashin hannu.

Sai iska ya hau wata goɗiya.
Ta dunƙule yatsu, ta ja ƙafa,
tana korar ƙuda da dungu,
murya ta koma ta hanci.
Wuri ya ɗauka: "Kuturu ya sauka!
Sannu da zuwa, Uban Dawaki!"
Masu yatsu goma suka zube suna gaisuwa.

Na dubi Kawu.
Hawaye na bin tsagar kumatunsa.
Ashe a garin da ba a gani
akwai mai kama da shi,
kuma da sarauta.

Tabawa ta tura masa akushi,
ta sa hannunta inda ya sa nasa.
Ba ta yi wa'azi a kai ba.
Loma kawai ta kai baki.

Da dare na tare shi a zaure
da ayoyin da na haddace, na jera su tsaf.
Ya bari na gama.
Ya ce, "Duk gaskiya ne, ɗan nan.
Ni ma alƙibla ban sake ta ba.
An ce wanda ruwa ya ci,
ko takobi aka miƙa masa zai kama.
To ni da me zan kama?
Sai wanda ya kamo ni."

Ban ce tsamiya na amsa addu'a ba.
Har gobe ina nema masa shiriya.
Amma in na zo wurin sai harshe ya yi nauyi,
don ban san wa zan fara sawa ba,
shi ko mu.

Yanzu sahunmu ya cike,
liman har yabonmu yake.
Butar mai jan zare na nan gindin bango,
rana ta fasa mata baki,
ba wanda ya yarda ya ɗauke ta.