Bangon da Ba Ya Saukar Baƙo

Ƙarfe huɗu na asuba, Jos ta ƙudundune a bargo,
ni ina cikin tanki na bakwai,
fitila a goshi, takalmin roba har gwiwa.
Shekara goma sha ɗaya ina kankare abin da ban taɓa gani ba.
Yauƙinsa kawai na sani,
can a gwiwar bututu, inda buroshi ke sarewa.

Bana aka kawo shafe.
Injiniya Davou ya ce da azurfa a ciki,
niƙaƙƙiya, ta fi garin kwalli laushi.
Ƙwayar cuta in ta sauka za ta kafa gida,
bangon da kansa zai gama da ita.
Na shafa da tafin hannu: sumul, sanyi ƙalau.
Azurfar da kunnena bai samu ba,
ga ta an yi wa tanki kwalliya.

Sai na tuna randar Ngo Chundung a Kabong,
baƙa, da tsaga a wuya, an ɗaure da waya.
Kakata ba ta bari sabulu ya leƙa cikinta.
"Da masu gida a nan," in ji ta,
"su ke tayar da dawa cikin dare."
Ran da suka ji daɗi, kumfa har ƙasa.
Ran da baƙi suka riga su shiga,
tsami ya kama, a juye wa aladu,
kuɗin makarantata ya bi rariya.

Na ce, Davou, bangon nan naka
ya san ɗan gida, ya san baƙo?
Ya ce namu ba ya kwana a bango,
a rufe ake kawo shi, ya yi iyo, ya yi aiki, a kwashe.
"Ke dai kar ki jefar da buroshi.
Dauɗa in ta rufe azurfa, ta makance."

Ran Talata Nanbam ta ɗakin gwaji
ta goga auduga a gwiwar nan tawa.
Faranti ya kwana uku a ɗumi.
Ta ɗaga shi a haske, ko ɗigo babu.
Suka tafa. Ni ma na tafa,
hannuna na warin soda.

Da na koma gida rana ta hau duwatsu.
Randar ta daɗe da fashewa,
gindinta ne ya rage a bayan ɗaki,
kaji na shan ruwa a ciki.
Na tsuguna, na sa yatsa.
Da yauƙi.
Ban wanke ba.