Kati Uku a Titin Gilmore

Rumfata tana ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a Manila,
duk wucewarsa sai kofin gahawata ya yi rawa.
Shekara goma sha ɗaya ke nan
ina buɗe cikin kwamfutoci kamar mai gyaran kifi.

Crisanto ya shigo jiƙe sharkaf,
jakar kai saƙo a baya, hular keke a hannu,
ya zube peso dubu huɗu da ɗari shida a kan gilashi,
takardun sun yi laushi don gumi.
Ya ce, Aling Perpetua, wane katin hoto ya fi?
Na ce, gani ya kori ji, jawo kujera.

Na fari kore ne, giga shida,
shekara bakwai a ɗakin wani akawu
da bai taɓa harbin kowa da shi ba sai lissafi.
Na cusa shi, na kunna wasan da yaron yake so:
hoto hamsin da biyu a sakan ɗaya,
in hayaƙin yaƙi ya turnuƙe ya sauko arba'in,
ya ɗan yi ɗingishi, ya miƙe, ya ci gaba da tafiya.

Na biyu ja ne, giga takwas, ya fi araha.
Shekara biyu ya yi yana haƙar kuɗin intanet
dare da rana, ba Lahadi, ba salla,
har fentin gefensa ya koma ruwan ƙasa.
Sittin da ɗaya ya ba mu, cif.
Amma fankarsa ta ɗauki kuka kamar injin niƙa,
kuma mita ba ta san zumunci ba,
a ƙarshen wata ita za ta karanta maka sauran farashinsa.

Na uku kuwa, tsohon sarki.
Ranar da ya fito, kuɗinsa ya sayi babur,
samari suna leƙensa ta gilashi suna haɗiyar yawu.
Yau ga shi cikin leda, da kwalin taliya a ƙarƙashinsa.
Saba'in da takwas! Yaron ya miƙe tsaye.
Na ce zauna, auno min akwatinka da taƙi.
Bai shiga ba, ya yi tsawo da yatsu uku,
ga shi yana neman wutar da injinka ba ya da ita.
Wanda ya sayi giwa da kuɗin akuya,
da me zai ciyar da ita?

Na ɗauki biro na raba masa kuɗi da hotuna
a bayan wani tsohon rasit.
Ja ne ya ci, ko ta ina aka juya lissafi.

Bai dubi takardar ba.
Ya ce, a sake sa koren, a kashe rediyo.
Ya kara kunnensa jikin akwati, ya rufe ido,
ya jira jirgi ya wuce,
ya daɗe a haka.

Ya ce, ɗakinmu ɗaya ne, labule ne tsakani.
Lola tana barci tun takwas, ni kuwa sai sha ɗaya nake dawowa,
kuma tun rasuwar kakana, motsin ƙadangare ma tashinta yake.

Shekara goma sha ɗaya ina auna zafi da gudu,
ban taɓa auna shiru ba.

Na goge masa ƙura, na sa sabon mai a zuciyar katin,
na naɗe shi da leda biyu saboda ruwa.
Na mayar masa ɗari biyu, na ce ya sai mata burodin safe.
Ja ya koma gilashi da takardar farashi a goshi,
tsohon sarki ya koma kan kwalinsa.
Jirgi ya sake wucewa, kofi ya yi rawa,
gahawar ta riga ta huce.