Lahadi Ta Huɗu

Barira ta dawo makaranta da takarda a naɗe,
hoton wata hasumiya, janta duk ya koɗe,
igwa biyu a ƙofa, tsatsa ta cinye musu baki.
Ta ce, "Baba, tana can wajen Badagiri, ka kai ni."
Na ɗaga ƙafa daga kan keke na ce, "To."
Ba kalmar da ta kai ta sauƙin fita,
ba wadda ta kai ta wuyar cikawa.

Shekara goma sha bakwai ina Agege,
na ɗinka wa Ikko riguna, ban taɓa ganin gefenta ba.
Daga shago sai masallaci, sai tsallake layin dogo.
Ruwan da na sani na buta ne,
sai mai shigo mana ɗaki a damina
ba sallama, ba gaisuwa.

Da dare na juya littafin awo,
a bayan kafaɗar wani alhaji na fara lissafi:
danfo zuwa Iyana-Ipaja, wata zuwa Iyana-Iba,
sannan doguwar hanyar da ke cin yini.
Kuɗin mutum biyu, zuwa da dawowa,
kuɗin ƙofa, kuɗin kwalekwale,
na haɗa, na goge, na sake haɗawa.

Baba Rasaki mai faci ya ce, "Ku fita da asuba,
in rana ta riga ku titi, kun kwana a gosulo."
Ya rubuta min lambar wani Sewanu mai jirgi
a jikin kwalin sukari.
Ladidi ta ce dambu za ta yi mana, ba ya lalacewa,
amma in ba rigar ceto
'yarta ba ta taka ruwan kowa.

Lahadi ta farko sama ta ɓalle.
Ta biyu ankon biki ya danne ni har wuya.
Ta uku mai gida ya ƙwanƙwasa,
kuɗin jirgi suka bi shi.
Barira ba ta ce komai ba.
Ta liƙa hoton a bango, daidai inda nake sallamewa.

Akwai abin da ban faɗa mata ba.
Kakata Gambo, tana kaɗi, takan ambaci Jatau,
ƙanen kakanta, da ya fita neman jaki
yana ɗan shekara tara.
An tsinci igiyar. Shi kuwa aka ce an yi kudu da shi,
kudu, kudu, har inda ƙasa ta ƙare.
Ban san ko ta ƙofar nan ya bi ba.
Bango ba ya riƙe suna,
ruwa kuwa bai iya mayarwa.

Ta ce matakalar sittin da huɗu ce, an faɗa musu.
Gwiwata ta dama ta ji, ta yi ƙara.
Zan hau. In ta kama, zan hau da rarrafe.
Ita ta ƙirga jirage, ta ɗau hoto da wayata,
ni in fuskanci inda kogi ke miƙa kansa ga teku
in kira sunan sau ɗaya, a hankali,
in bi shi da Fatiha,
ko ta makara da shekara ɗari biyu.

Yau Asabar. Na rufe shago tun la'asar.
Na ɗinka aljihu a cikin riga, na zuba kuɗin, na kafe bakin.
Takalmanta na bakin ƙofa, a wanke, suna ɗiga.
Ana walƙiya ta wajen Ikeja.
Ladidi ta leƙa ta ce, "Hadari ne fa."
Na ce, "Na gani. Zuba dambun a leda biyu."